Dalilan Mallakar Bindiga Don Kare Kai a Ƙasar Amurka

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilan da kan sa mutumin da ba soja ba, ba kuma ɗan sanda ba, ya ajiye bindiga a gidansa, har ya biya kuɗi a koya masa harbi. An zaɓi Amurka ne saboda babu ƙasar da ta kama ƙafarta a wannan al'amari. Ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na shekarar 2017 ya nuna akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun farar hula, watau sun fi mutanen ƙasar yawa.

2.0 Tushen Tarihi

Yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke ne a 1775, sa'ad da sojojin Ingila suka nufi garin Concord don ƙwace makaman mazauna wurin, manoma suka tare su da bindigoginsu. Wannan tarihi ne ya haifi Gyara na Biyu ga tsarin mulki a 1791, wanda ya hana gwamnati tauye 'yancin riƙe makami. An daɗe ana gardama ko na rundunar sa-kai ne kawai wannan 'yanci, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Heller, cewa haƙƙi ne na ɗaiɗaikun mutane domin kare kansu a gida.

3.0 Tsoro da Rashin Amincewa da Hukuma

A binciken cibiyar Pew na 2023, kashi 72 cikin ɗari na masu bindiga sun ce kare kai na cikin manyan dalilansu. Mazaunin karkara ya san kafin ɗan sanda ya iso, mai afkuwa ta afku. Daɗin daɗawa, doka ba ta lamunce wa kowa kariya ba. Alal misali, a 2005 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata ta garin Castle Rock, wadda mijinta ya kashe 'ya'yansu uku bayan 'yan sanda sun ƙi zartar da umurnin kotu na nisanta shi da su. Haka nan, a 1964 baƙaƙen fata na Jonesboro, jihar Louisiana, suka kafa ƙungiyar tsaro mai makamai saboda hukuma ta ƙyale 'yan Ku Klux Klan suna cin karensu babu babbaka.

4.0 Dalilin Horo

Mallakar makami daban, iya sarrafa shi daban. Ƙungiyar NRA ma an kafa ta ne a 1871 saboda rashin iya saiti da aka gani ga sojojin Arewa a yaƙin basasa. Horon yau ya ƙunshi riƙe bindiga ba tare da haɗari ba, da adana ta nesa da yara, da sanin lokacin da shari'a ta halatta harbi, domin wanda ya harbi ɓarawo mai gudu shi ma yana iya ƙarewa a kurkuku. Amma fiye da rabin jihohi sun daina tilasta neman lasin yawo da bindiga, saboda haka horon ya zama ganin dama a cikinsu.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, tarihi da doka da tsoro su suka haɗu suka raya wannan al'ada. Sai dai tana da tsada. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, fiye da rabinsu kuwa kansu suka kashe. Ke nan makamin da aka saya domin ɓarawo sau da yawa a kan mai gida yake ƙarewa. Wajibi ne mai nazarin wannan batu ya auna ɓangarorin biyu kafin ya yanke hukunci.