Gorar ƙarfen da ke jakarka za ta iya zama tukunyar ceton rai

Yanzu gorar ruwa ta ƙarfe ta zama kayan ado a hannun matasa. Za ka gan ta wajen ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, da ɗan acaɓa a tasha, da mai zuwa ƙwallo da yamma. Yawancinmu saboda sanyin ruwa muke saye, ko don ta yi kyau a hoto. Amma ga wanda ke zirga-zirga tsakanin Gusau, Tsafe da Bungudu, ko mai kwana a gona lokacin girbi, ko wanda tashin hankalin 'yan bindiga ya tilasta wa barin gari ya shiga daji cikin dare, wannan gorar tana da wani aiki da ya fi ado: za ka iya ɗora ta a wuta ka tafasa ruwan rafi ya zama na sha.

Dalilin da ya sa maganar ta kai a yi ta shi ne kwalara. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi yi wa illa. Ƙwayar cutar tana biyo ruwan da bayan gida ya gurɓata, haka ma ta taifot da atini. Da damina ruwa na kwaso ƙazantar gari ya zuba a kududdufai, a fadama, har cikin Gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau. Ido ba ya ganin komai. Ruwa zai iya zama garau, amma ya kwantar da ƙato cikin awa kaɗan.

To, ba kowace gora ce ke shiga wuta ba, nan ne mutane ke kuskure. Gorar ƙarfe iri biyu ce. Akwai mai ɓawo ɗaya, ƙarfe zalla wanda ba ya tsatsa, irin wanda 'yan kasuwa ke kira silba. Sau da yawa a gindinta za ka ga an buga 304 ko 18/8. Ita ce ake so. Akwai kuma mai ɓawo biyu irin ta fulas, wadda ke riƙe sanyi tun safe har la'asar. Wannan kada ka kuskura ka ɗora ta a wuta: an yi ta ne don ta hana zafi ratsawa, saboda haka ruwan ba zai tafasa da daɗi ba, gorar kuma za ta iya kumbura ko ta fashe. Gwajin ba wuya. Zuba ruwan zafi a ciki tun kana gida. In bayanta ya ɗauki zafi nan take har ka kasa riƙewa, mai ɓawo ɗaya ce. In ko ta tsaya da sanyinta, fulas ce. Ita ma gorar sanholo ka yi hattara da ita, domin da yawa ana shafe cikinsu da wani abu mai kama da roba, wuta na narka shi.

Kafin ka kunna wuta, fara tace ruwan. Ninka kallabi, hirami ko tsaftatacciyar riga sau huɗu, ka ɗaura a bakin gorar ka zuba. Iyayenmu sun san wannan dabara tun lokacin yaƙi da kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. A ƙasar Bangaladash ma an gwada tace ruwa da tsohon zanen mata, binciken da aka fitar a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka. Sai dai tacewa rage datti take yi, wuta ce ke ƙarasa aikin.

Sannan ka cire murfin gaba ɗaya. Wallahi wannan ba abin wasa ba ne: gorar da aka rufe aka ɗora a wuta, tururi zai taru a ciki har ta yi bindiga. Ka cire duk wata roba ko igiya da ke jikinta, kada ka cika ta taf, bar kamar tsawon yatsa biyu a sama. Ka girka ta a kan duwatsu uku, ko ka tura ta gefen garwashi. Ƙananan kumfa a jikin ƙarfe ba tafasa ba ne. Jira sai ruwan ya fara juyawa yana ɓararraka, sannan ka ƙirga minti ɗaya cur. Masana lafiya na cewa sai wanda ke saman tsauni da ya haura mita 2,000 ne zai kai minti uku, kuma ko ƙololuwar Dutsen Kwatarkwashi ka hau ba ka kusanci wannan tsayin ba. Sauke ta da tsumma mai kauri ko itace biyu, bar ta ta huce da kanta, sannan ka mayar da murfin bayan ka ɗauraye shi da ɗan tafasasshen ruwan.

In gorar taka mai lita ɗaya ce, ka samu ma'auni a kyauta. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa lita ɗaya na tafasasshen ruwa da sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. Ya dinga kurɓa a kai a kai har a isa asibiti. Ruwan gishiri da sukari ba ya maye gurbin likita, amma yana riƙe mutum a hanya.

Akwai kuma abin da wuta ba ta iyawa, kuma mu 'yan Zamfara mun fi kowa sanin zafinsa. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tafasawa ba ta cire dalma, ba ta cire maganin feshi ko takin zamani. Hasali ma ruwan na ƙonewa, gubar na ƙara kauri. Saboda haka kududdufin da ke kusa da wurin wankin zinare, ko wanda manoma ke wanke injin feshi a ciki, ka wuce shi ko da wutarka a hannu.

Wani lokaci kuma kunna wutar ce haɗari, domin hayaƙi da rana da haske da dare suna tona asirin mai ɓuya. In haka ta kama, ƙwayar kulorin irin su Aquatabs ta fi, ana jefawa a jira minti 30. In babu, robar ruwan kwalba fara wadda ake ganin cikinta, a cika ta da tataccen ruwa a kwantar a rana awa shida. In da hadari, kwana biyu.

Don haka in za ka sayi gora a kasuwar Gusau, duba gindinta kafin ka duba kalarta. Ka haɗa mata ashana a cikin leda, da ɗan ƙyalle mai tsafta, da ƙullin gishiri da sukari. Ka gwada tafasa ruwa da ita sau ɗaya a murhun gida, ka nuna wa ƙannenka. Allah Ya tsare mu da shiga halin da za mu buƙaci haka, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.