KOWA YA AJIYE LITTAFIN MAGANINSA

Babu akawun da zai karɓi kuɗi ko ya biya bai shigar a littafi ba, babu kuma malamin makarantar da zai soma darasi bai kira rajista ba. Wannan shi ne halin da mu ke koya wa ɗalibanmu a kwalejin horon malamai tun shekararsu ta fari. Amma abin mamaki, waɗannan mutane masu tsantseni a kan kuɗin hukuma, in ka tambayi ɗayansu sunan maganin da ya sha makon jiya, sai ya ce, "Wata 'yar farar ƙwaya ce." To, fararen ƙwayoyi kuwa sun fi gaban ƙirge.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami wani malami da aka yi wa canjin wurin aiki. A shekarun baya an taɓa yi masa allurar penisilin, jikinsa ya feso da borin jini, likita ya gargaɗe shi kada ya yarda a sake yi masa. Kwana ya yi kwana, ya manta sunan allurar. Da ya je asibiti a sabon gari da gyambo a ƙafa, malamin asibiti ya tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ya ce akwai wani, amma ya shige masa. Katinsa kuwa yana can garin da ya baro. Aka yi masa allura, bai kai bakin ƙofa ba numfashinsa ya sarƙe, ya yanke jiki ya faɗi. Allah ya sa da sauran shan ruwa, aka yi maza aka ceto shi. Da layi ɗaya a takarda, da duk wannan bai faru ba.

Saboda haka shawararmu ita ce kowa ya sami ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihu. A shafin farko ya rubuta sunansa, da shekarunsa, da ciwon da ya daɗe yana fama da shi, kamar hawan jini, ko ciwon sukari, ko gyambon ciki. Ƙarƙashin wannan ya rubuta da jan alƙalami duk maganin da ya taɓa ba shi wahala, da irin wahalar. Sauran shafuna a ja musu layi gida shida: sunan magani, ƙarfinsa, sau nawa a ke sha a rana, dalilin sha, ranar farawa da ta gamawa, da wanda ya bayar.

Wajen suna a lura ƙwarai. Galibi magani yana da suna biyu, watau na kamfani da na ainihi, wanda a kan rubuta da ƙananan baƙaƙe a jikin kwali. Panadol, alal misali, ainihinsa farasitamol ne, kuma da yawa daga magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu. Iyakar abin da babban mutum zai sha a yini da kwana shi ne miligiram 4,000, watau ƙwaya 8 masu ƙarfin 500. Wanda ya haɗa biyu bai sani ba yana iya wuce haka, hanta ta lalace. Haka nan Septrin da Fansidar duk dangin salfa ne. Wanda ɗaya ya saɓule masa fata, lalle ya guji ɗayan. Asfirin da ibufurofen kuwa suna iya sa mai gyambon ciki zubar jini.

Kada a ji kunyar rubuta jiƙo da sassaƙe da abin da aka saya a kemis. Likita ba boka ba ne, abin da aka nuna masa da shi zai yi aiki.

Wannan ba damuwarmu mu kaɗai ba ce. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a rage mummunar cutar da kuskuren magani ke jawowa da rabi cikin shekara 5, ta kuma ƙiyasta asarar da a ke yi ta wannan hanya a duniya ta kai dala biliyan 42 kowace shekara.

Mu masu karatu nauyin ya fi hawa kanmu, domin a gidajenmu akwai tsofaffi da yara da waɗanda ba su iya rubutu ba. Kowannensu a ware masa shafi, in za a kai shi asibiti a tafi da littafin. Malaman makarantun kwana kuma su yi wa ɗalibansu haka. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.