Ƙura, zafi da wutar lantarki: abin da ke kashe kwamfutocin ɗalibai a Nijar

A jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama jarin ɗalibi. A cikinta yake rubuta kundin kammala karatu, a cikinta darussan shekaru suke. Da yawa daga cikin na'urorin nan kwance ne daga Turai, wasu ƴan uwa mazauna waje ne suka aiko. Idan ta mutu ana saura mako guda a kare kundi, aikin watanni ne ke tafiya tare da ita.

Abokin gaba na farko shi ne ƙurar hunturu. Fankar da ke ciki tana zuƙo iska don sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar, ƙurar kuma tana taruwa har ta toshe mafitar iskar. Da bazara ta shigo, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, sai matsalar ta fito fili: fanka na ƙugi, aiki na tafiyar hawainiya, daga baya na'urar ta kashe kanta. Ƙwaƙwalwar tana rage gudu da kanta idan zafinta ya kusa digiri 100, don kada ta ƙone. Maganin ba shi da tsada: a kai wa mai gyara ya buɗe ya share fankar bayan kowane hunturu, ya sabunta man da ke ɗauke zafi daga ƙwaƙwalwar. A daina ɗora ta kan katifa ko bargo, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Na biyu wuta ce. Lokacin da ta dawo bayan ɗaukewa, takan zo da ƙarfin da ke ƙona caja, wani lokaci har da babban allon ciki. Cire caja daga soket da zarar an ɗauke wuta yana rage haɗarin. Cajar bogi mai araha ita ma tana lalata batir. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai, a cire shi nan take, don yana iya kama wuta.

Akwai kuma abin da ya shafi masu aiko da kwamfuta daga waje. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar da. Windows 11 kuwa na buƙatar TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamanciyarta, wato na'urorin wajen 2018 zuwa yau. Wadda ta girmi haka tana iya ci gaba da aiki da Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne. Sauya tsohon faifan ajiya da SSD kuma yana ƙara mata sauri sosai.

Duk da haka, babu gyaran da ke ba da tabbacin dawo da bayanan faifan da ya mutu. Ɗalibin da ya ajiye kwafin kundinsa a filashi, ya kuma tura wa kansa ta imel duk mako, ko da kwamfutar ta mutu, aikinsa na nan.