Daga Wusasa Zuwa Dutse: Abubuwan Mamaki na Majami'ar Ƙauye

Yau zagayen namu ya biya ta ƙananan majami'un ɗarikar Angilikan na karkara, daga ƙasar Zazzau har yankin Dutse, Jahun da Aujara. Ku gyara zama.

Turawan mishan na ɗarikar da suka fara nufo ƙasar Hausa, a Turabulus ta Libiya suka koyi Hausa, wurin fatake da matafiyan da ke zaune a can. Bahaushe ke nan, ko a bakin teku ba ya rasa ɗalibai!

Da suka iso Kano a 1900, Sarki bai karɓi baƙuncinsu ba, sai suka juya suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Sai a 1905 suka samu wurin zama a birnin Zazzau. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Tun kafin zuwan Bature akwai Isawa, almajiran wani malamin Kano da suka ɗaukaka Annabi Isa, suka watsu har ƙasar Ningi. A 1913 wasu jikokinsu suka nemi mishan ɗin Zariya, aka kafa ƙauyen Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Zuma da maɗaci a tarihi guda.

Tsohuwar majami'ar Wusasa, kusa da Zariya, wadda aka gina a 1929, da ƙasa magina Hausawa suka tayar da ita, da rufin bakan gizo irin na soron sarauta. Ginin laka, ga shi har yau yana karɓar jikokin jikoki!

Wusasar nan kuwa ita ta reni likitan zamani na farko ɗan Arewa, ta kuma reni yaron da ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, ɗan wani mai bishara. Ƙaramin gari, manyan 'ya'ya.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma a cikinsa manoma da yawa suka fara haɗa baƙi da wasali bayan an taso daga gona. Da rana fartanya, da dare fitila.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sai ga Dutse ta samu nata dayosis a 1996, bayan shekaru tana ƙarƙashin Kano. Gwamna ya riga tarewa, bishop ya biyo sahu.

Ƙararrawa fa? A ƙauyuka da dama tsohon wilin mota ake ratayewa a bishiya, a dinga bugunsa da guntun ƙarfe ranar Lahadi da sassafe. Mota ta mutu, wili na nan yana kiran sujada!

Rabaran ɗaya kan riƙe majami'u da yawa, yana zagaya su a kan babur, don haka katikis ne ke jan addu'a da wa'azi a yawancin makonni. Jibin Ubangiji sai ranar da Rabaran ya iso. Ran nan benci kan yi kaɗan.

Matan zumunta, cikin ankonsu, da tulu suke kiɗa: a buga bakinsa ya yi gurnani, kacau-kacau na amsawa. Tulun bai san hanyar rijiya ba, amma kowa na shan daɗinsa.

Ranar godiyar kaka, damin gero da dawa, buhun riɗi, zoɓo, zakara har da akuya ake kawowa gaban bagade, bayan sujada a yi gwanjonsu. Sai ka ga zakara ya ninka kuɗinsa na kasuwa. Nan ne mai saye ke murna da tsada!

Azumin kwana 40 kafin Ista yana farawa ne ranar Larabar Toka, ba a kuma lissafa ranakun Lahadi a ciki. Bisa tsohuwar al'ada, ganyen Lahadin Dabino na bara ake ƙonawa a samu tokar. A Dutse kam, ganyen dabino ba sai an yi aike ba.

Leƙa rajistar baftisma ka sha sunaye: Bulus, Bitrus, Istifanus, Rifkatu, Saratu, ga kuma Tanko, Ladi da Talatu a gefensu. Sunan littafi da sunan gida, kowanne ana amsawa.

Da Kirsimeti kwanon shinkafa da nama kan tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci Musulmi, da Sallah kuma ya dawo cike. Zumunci a ƙafa yake, wani lokaci kuma a kwano.

To jama'a, in akwai irin wannan majami'a a ƙauyenku, ku zauna da dattawanta tun suna raye, ku rubuta wanda ya kafa ta da shekarar da aka aza tubalin farko. Sai mun haɗu a zagaye na gaba.