Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Injin Casa a Bayan Katangarmu

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore har Doguwa, ya san garuruwanmu suna canja kama. Inda muka san gonakin dawa, yau shaguna ne da gidajen mai da injinan casar shinkafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, noman rani ya kawo albarka a kudancin Kano. Da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar gida ta yi daraja, masu casa kuma suka ƙaru.

Muna murna da wannan, gama 'ya'yanmu ne ke samun aikin dako da awo da tuƙi. Amma akwai tambayar da ta kamata mu yi: wa ke yanke shawarar inda za a kafa inji ko tankin mai? Iyalin da ƙaiƙayi ke sauka musu a kwanon tuwo, da tsohuwar da ƙarar janareta ta hana barci, da yaran da ke tsallake titi tsakanin manyan motoci a hanyar makaranta, su ne ke biyan kuɗin shawarar da aka yanke ba da saninsu ba.

Ga abin da doka ta ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba filaye gida biyu. Wuraren da gwamna ya ayyana a matsayin birni suna hannunsa. Sauran kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu, ko don noma, ko gida, ko wani aiki dabam. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma, ta ce ba a sayar da irin wannan fili sai da yardarta. Tsara gari kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa aikin jihohi ne, kuma a Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini a birane. Gidan mai da shagon gas suna bukatar lasisi daga hukumar tarayya ta NMDPRA, wadda aka kafa a 2021.

To, a nan ne yawancinmu muke kuskure. Mun saba idan an yi cinikin fili, mai unguwa da dagaci suka sa hannu, shi ke nan magana ta ƙare. Takardar nan shaida ce cewa an saya an biya. Ba ta ba mai saye ikon mai da filin gida ya zama ma'aikata ba. Saboda haka maƙwabci yana da damar ya tambaya, cikin ladabi, me za a gina, kuma wace hukuma ta yarda.

Birnin Kano ya riga ya nuna mana ƙarshen sakaci. Ran 17 ga Mayu 2022 wani abu ya fashe a titin Aba cikin Sabon Gari, daura da wata makarantar yara, mutum 9 suka rasu. Bayanin farko na 'yan sanda ya ɗora laifin a kan tukunyar gas ta mai walda. Ko mene ne sanadin, abu mai haɗari yana zaune a tsakiyar gidaje. A watan Yuni na 2023 kuma, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi, tana cewa an raba wurin ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwa suka je kotu, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30. Dubi hasarar: dukiya ta zama ƙasa, kuɗin jama'a ya shiga shari'a, alhali da an tsaya a kan gaskiya tun ranar awon fili, da ba a kai nan ba.

Mu a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa har yanzu muna da abin da birni ya rasa, wato sarari. Ƙananan hukumominmu suna iya ware wuri a bayan gari domin injina da wurin tsayawar manyan motoci, nesa da makarantu da asibitoci da wuraren sujada da rijiyoyin sha. Ɗan kasuwa ma ribarsa ce, domin wanda ya gina a inda aka ware ba ya kwana da tsoron rusau.

Namu aikin kuwa shi ne mu yi magana da wuri. Idan muka ga ana kafa turaku a unguwa, kada mu jira sai an zuba kankare. Dattawa su tara maƙwabta, Kirista da Musulmi, gama ƙura ba ta tambayar addinin mai numfashi. A fara zuwa wurin mai filin, sa'an nan mai unguwa da kansila. In ba a daidaita ba, a rubuta takarda zuwa sashen filaye na ƙaramar hukuma, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi. Mu kuma duba namu: filin majami'a da na makaranta da makabarta, suna da takardar hukuma, ko dogaro muke da alkawarin kakanni? Haka kuma in ɗayanmu ne mai sayarwa ko mai kafa injin, ya tuna da wanda ke kwana a bayan katangar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.