Idan Mai Masauki Ya Ƙi Tashi: Gano Matsalar Saba Bayan Sabunta Manhaja

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. A cikinta asibiti ke ajiye bayanan marasa lafiya, makaranta ta ajiye sakamakon ɗalibai, ƙaramin banki ya ajiye lissafin masu asusu. A da, kowane aiki da injinsa. Yanzu inji ɗaya ake saya, a ɗora masa wata manhaja mai suna haifabaiza, ita kuma ta yanyanka ƙarfinsa ta fitar da kwamfutoci biyar ko goma waɗanda ido ba ya gani, kowace da Windows ko Linux ɗinta, kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce a injin. Masu sana'ar suna kiran injin mai masauki, kwamfutocin da ke cikinsa kuma baƙi. Tsarin ya yi kama da gidajen hayar Tungan Maje, a ƙaramar hukumar Gwagwalada, inda ma'aikatan da hayar cikin Abuja ta fi ƙarfinsu ke zaune: ɗakuna birjik, kowa da makullinsa, amma ƙofar gida ɗaya ce. Ranar da ƙofar ta ƙi buɗuwa kowa a waje zai kwana, ko da yake kayansa na nan lafiya lau a ɗaki.

Dabarar ta tsufa. Kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun 1972 don manyan injinansa. An kafa VMware a Amurka a 1998, ya fitar da ESX a 2001, wadda daga baya ta koma ESXi. KVM ta shiga cikin Linux a 2007, sai Hyper-V ta Microsoft da Proxmox ta wani kamfanin ƙasar Ostiriya suka fito a 2008. A ƙananan ofisoshi, ESXi da Proxmox na cikin waɗanda aka fi cin karo da su, kuma su wannan bayani ya fi shafa.

Mai karatu zai iya tambaya: in inji na aiki, me zai sa a taɓa shi? Watan Fabrairun 2023 ya ba da amsa. A lokacin ne wata muguwar manhajar neman kuɗin fansa, ESXiArgs, ta kulle dubban sabobi a Faransa, Amurka, Jamus da wasu ƙasashe, yawancinsu masu tsofaffin sigogin da ba a sabunta ba, alhali an fitar da abin toshe kafar da ake zargi tun 2021. Ban da wannan, kowace siga tana da wa'adi. Tallafin gama-gari na ESXi 7 ya ƙare a Oktoban 2025. Sannan tun da Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023 ya mayar da lasisi na biyan kuɗi lokaci-lokaci, wurare da yawa suka fara ƙaura zuwa Proxmox. Saboda haka sabuntawa dole ce, kuma a cikinta ake yin tuntuɓe.

Da zarar an kashe injin an kunna bai dawo ba, wayoyi za su fara ƙara. Mai karɓar kuɗi ba ya iya buga rasit, ɗakin magani ba ya ganin takardar likita, shugaban wuri yana tsaye a kan injiniya yana cewa, "Malam, yaushe za a dawo?" A wannan sa'ar ake tafka ɓarnar da ta fi asalin matsalar muni, domin hannu yakan yi saurin kai wa ga filashi a sake ɗora manhaja daga farko. Garin neman gira ake rasa ido. Gaskiyar da ya kamata kowane mai kula da saba ya riƙe ita ce, sabuntawar da ta lalace ba kasafai take taɓa bayanan baƙi ba. Manhajar mai masauki tana zaune a wani ɓangare na faifai, faifan baƙi suna wani ɓangare. Abin da ke shafe su galibi shi ne gyaran da aka yi cikin ruɗewa.

Matakin farko shi ne zuwa gaban injin da allo da kibod, ko shiga ta ƙofar baya da manyan sabobi ke da ita, wato iDRAC a injinan Dell da iLO a na HP, wadda ke nuna allon injin daga nesa ko da manhajarsa ba ta tashi ba. Duk abin da allon ya nuna a ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa komai. Idan ESXi ta faɗi, allon yakan rine ya koma launin shunayya cike da rubutu, kuma a layukan sama sau da yawa ana samun sunan direban da ya jawo faɗuwar. Wanda ya yi saurin danna maɓallin kashewa ya zubar da shaida. Daga nan tambaya ɗaya ce ke raba hanya: a ina injin ya tsaya? Bai kai ga loda haifabaiza ba, ko ya loda amma ba a ganin sa a netwok, ko ana ganin sa amma baƙi sun ƙi tashi?

Na tsakiyar ya fi yawa, kuma ya fi ruɗa mutane, don daga ofis ana ɗauka injin ya mutu alhali yana can yana aiki, ba ya dai jin kira. A Proxmox, wadda aka gina a kan Debian, sabuwar siga tana zuwa da sabon kanel, wato zuciyar manhajar da ke magana da sassan injin. Wani lokaci sabon kanel yakan canza wa katin netwok suna. Fayil ɗin /etc/network/interfaces yana nan yana haɗa gadar vmbr0 da tsohon suna, sunan da babu mai amsa shi yanzu. Kamar a canza lambar gida ne ba a sanar da mai kawo saƙo ba. A gaban allon sai a buga umarnin ip link a ga sunan da katin yake ɗauke da shi yanzu, a gyara layi ɗaya a fayil ɗin, a sake tayar da netwok. Aikin minti biyar ne, amma yakan cinye wa wanda bai san da shi ba dare guda.

A ESXi lamarin ya fi tsauri. Lokacin da siga ta 7 ta fito a 2020, ta yi watsi da wani tsohon rukunin direbobi da ake kira VMKlinux, don haka katunan netwok da na faifai masu yawa, har da na Realtek da ake samu a injina masu araha, suka daina aiki gaba ɗaya. Ta kuma daina karɓar wasu tsofaffin ƙwaƙwalen Intel. Wannan ya shafi Najeriya sosai, domin ƙananan cibiyoyi da yawa tokumbo suke saya daga kasuwanni irin su Computer Village na Ikeja ko Banex a Wuse, injinan da suka gama wa'adinsu a Turai ko Amurka kafin su ƙetaro. Injin yana da lafiya, ƙarfinsa ya ishi aikin, manhajar ce ta daina sanin sa. Maganin shi ne a canza katin da wanda ke cikin jerin na'urorin da kamfanin ya amince da su, ko a koma tsohuwar siga.

Komawa baya ita ce hanyar da ya kamata a fara gwadawa muddin mutane na jiran aiki; bincike ya biyo baya. ESXi tana ajiye manhajarta a wuri biyu, sabuwa a ɗaya, wadda ta gabace ta a ɗayan. Yayin da injin ke tashi, in an danna Shift da R tare, za ta tambaya ko a koma ta baya. Taki ɗaya kawai take iya komawa. Kuma wanda ya tsallaka daga siga ta 6 zuwa ta 7 ba shi da wannan dama, saboda ta 7 tana sake yanka faifan tashi a sabon tsari. A Proxmox kuwa, jerin zaɓin GRUB da ke bayyana a farkon tashi yana riƙe da tsofaffin kanel. A zaɓi na baya, in injin ya tashi lafiya an gano mai laifi, sai a ɗaure shi a kan wannan kanel da proxmox-boot-tool har a sami gyara.

Sai maganar wuta, wadda littattafan kamfanonin nan ba sa daɗewa a kanta saboda inda aka rubuta su ba ta cika yankewa ba. A Tungan Maje da Zuba da Giri, kamar sauran yankin da AEDC ke ba wuta, ɗaukewa ba ta sallama, kuma babban layin ƙasa ma ya faɗi sau da dama a 2024. Sabuntawa tana cire tsofaffin fayiloli tana dasa sababbi ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ɗauke a tsakiya, injin ya zama rabi tsoho rabi sabo. Mutane sukan dogara da UPS ta riƙe injin kafin janareto ya tashi, sai dai batirin UPS da ya shekara biyu ko uku a ɗaki mai zafi yana iya nuna koren haske ya kuma mutu cikin daƙiƙa kaɗan. Yankewar intanet ma haka take yi wa wanda ke sabuntawa daga nesa ta SSH bai buɗe aikin a cikin tmux, mai riƙe aiki ko da layi ya yanke, ba. A Proxmox ana iya ɗinke wannan: in injin ya tashi, ko an tayar da shi da zaɓin ceto da ke cikin filashin ɗora manhaja, umarnin dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari a hanya, apt -f install kuma ya cike giɓin. Idan apt ta yi gargaɗin za ta cire proxmox-ve, a tsaya cak. Alama ce cewa adiresoshin da ake sauko da manhaja daga gare su sun cakuɗe, wasu na tsohuwar siga wasu na sabuwa, kuma tilasta mata ta ci gaba zai tsige haifabaizar kanta.

Akwai kuma lokacin da sabuntawa ba ta da laifi ko kaɗan. Saba takan yi wata da watanni ba a kashe ta ba, sai ranar sabuntawa ta zama ranar da tsoffin cututtuka ke bayyana. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin babban allon injin, in ya mutu, da zarar an zare wuta saitin BIOS ya goge: agogo ya koma shekarun baya, jerin faifan tashi ya juye, ko VT-x, wanda sai da shi baƙi ke tashi, ya kashe kansa. Ƙurar hunturu da ta toshe fanka tana sa injin ya yi zafi ya mutu a tsakiyar lodi. Faifan da ya daɗe yana ciwo yakan ƙi juyawa bayan ya huce. A nan akwai tarko guda da ya cancanci a ja masa layi. Katin RAID, wanda ke haɗa faifai da yawa su zama ɗaya, wani lokaci yakan ce ya ga baƙon tsari a faifan, ya ba da zaɓin shigo da shi ko share shi. Tsarin nan shi ne taswirar bayanan wurin gaba ɗaya. Shigo da shi ake yi, kuma wanda bai tabbata ba gara ya cire hannu ya kira wanda ya fi shi sani.

Idan mai masauki ya tashi amma baƙi sun ƙi, kundin aikin injin ne ke magana. A ESXi ana duba esxupdate.log da vmkernel.log, a Proxmox kuma journalctl da /var/log/apt/term.log. Ƙa'idar karatunsu ita ce a nemi kuskuren farko, domin na ƙarshe galibi jikokinsa ne. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: ma'ajiyar faifan baƙi ba ta haɗu ba, ko wuri ya cika. Inda aka haɗa injina biyu na Proxmox a rukuni ɗaya, mutuwar ɗaya tana hana ɗayan tayar da baƙi, saboda tsarin yana neman rinjayen ƙuri'a, kuma ɗaya cikin biyu ba rinjaye ba ne.

Sake ɗora manhaja yana zuwa ne bayan duk waɗannan sun gaza, kuma bayan an kwashe faifan baƙi zuwa wani wuri. Mai ɗora ESXi yana ba da zaɓin a ɗora a bar ma'ajiyar VMFS, inda faifan baƙi suke, yadda take, ko a ɗora a shafe ta, layi biyu kusa da juna a allo ɗaya. Wanda ya zaɓi na farko zai sami baƙinsa, ya sake yi musu rajista ta fayilolinsu na .vmx. Mai ɗora Proxmox ba ya ba da wannan rangwame. Duk faifan da aka nuna masa shafe shi yake yi, don haka sai an fara kwafe /etc/pve da faifan baƙi. Sinafshot, wato hoton halin da baƙo yake ciki a wani lokaci, ba ya maye gurbin ajiyar ko-ta-kwana, tunda a faifai ɗaya suke zaune, abin da ya ci wannan ya ci wancan.

Bayan injin ya dawo, baƙi ana tayar da su bi da bi: mai raba adireshi da tantance masu shiga da farko, sai rumbun bayanai, sannan manhajojin da suka dogara da shi. A duba agogo, a je teburin mai karɓar kuɗi a ga rasit ya fito da gaske. Sabuntawar da aka fasa tana nan tana jira, kuma zagaye na biyu yana bukatar shiri: a gudanar da manhajar binciken share fage, kamar pve8to9 ga mai hawa Proxmox 9 da ta fito a Agustan 2025, a tabbatar fayil ɗin da aka sauko bai gutsure a hanya ba ta hanyar gwada lambarsa ta SHA-256, a gwada dawo da baƙo ɗaya daga ajiya a ga ya tashi. A zaɓi daren Juma'a ko Asabar da ofis ba kowa, a tayar da janareto tun kafin a fara ko da akwai wutar AEDC, a cika masa mai, a ajiye allo da kibod da filashin tsohuwar siga a kan tebur kusa da injin.