Likitan Mata ko Likitan Yara: Ina Za a Dosa?

 Yau shirin namu ya leƙa Idles, wani ɗan gari a tsakiyar duwatsun Ahaggar, cikin jihar Tamanrasset ta kudancin Aljeriya. A ƙidayar 2008 mutanensa ba su kai dubu biyar ba. Idan haihuwa ta zo da gardama a can, sai a ɗauko mace a mota a yi awoyi kafin a isa Tamanrasset, ita kuma Tamanrasset tsakaninta da birnin Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne.

To, a ce ɗiyar wannan gari ce ta kai shekara ta bakwai a karatun likita, zuciyarta ta rabu biyu: likitan mata da haihuwa, ko likitan yara. Ya za ta yi?

A Aljeriya shekara ta bakwai ta zaman asibiti ce. Wata uku-uku ake yi a sassa huɗu: yara, mata, tiyata, da cututtukan cikin jiki. Bayan nan sai gasar ƙwarewa, wadda suke kira rezidana. Matsayinki a jerin sunaye shi zai ce ke za ki fara zaɓe, ko sai abin da wasu suka bari. Daga nan shekara huɗu zuwa biyar na horo.

Shawarata ga wannan ɗaliba, kada ki auna fanni da rana tsaka. Da safe kowane sashe yana da kyau, farfesa na gaba, ɗalibai na biye da farar riga. Ki nemi kwanan asibiti a sassan biyu. Ki tsaya ƙarfe uku na dare a ɗakin haihuwa, lokacin da jini ya ɓalle wa mace, ungozoma na kiran a kawo ledar jini, mijin na tsaye bakin ƙofa ya kasa zama. Wani daren ki koma wajen yara, ki riƙe hannun jaririn da gudawa ta tsotse, ki nemi jijiya a jikin da bai fi damtsenki ba, uwar na kallon fuskarki. Da gari ya waye ki tambayi kanki: wace gajiya ce zan iya ɗauka shekara talatin? Ni a ganina amsar tana nan.

Sai batun wuri. Idan an ba ki dama, ki yi wani zangon a asibitin kudu, kada ki ƙare shekarar duka a babban asibitin koyarwa na arewa. Dalili kuwa, dokar ƙasar ta wajabta wa ƙwararren likita aikin gwamnati bayan kammalawa, shekara ɗaya a ƙuryar kudu, har huɗu a biranen arewa. Wannan doka ce ta jawo dogon yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa daga ƙarshen 2017 zuwa tsakiyar 2018, inda suka koka da tura su asibitocin da babu kayan aiki. Kukansu da gaskiya a ciki. Amma akwai wata gaskiyar: mutanen Idles likita na zuwa musu ne ya cika wa'adi ya tattara ya tafi, majinyaci ya sake ba da labarin ciwonsa daga farko.

Ɗalibanmu na Kano da Zariya da Yamai, ku ma wannan mararraba na jiranku, domin sassan huɗun nan su ne dai kuke zagayawa a shekarar gwaji. Kada ku zaɓi fanni don wani malami ya burge ku, ko don an ce can kuɗi yake. Ku tambayi manyanku masu kwana a asibiti, su ne suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.

Iyaye kuma, don Allah ku bar yaran nan su gani da idonsu kafin ku yanke musu. Mu kwana nan, sai wani makon idan Allah ya kai mu.